An Haife Shi Babu Fata A Tsakar Kai: Abin Da Ya Kamata Ki Sani Kafin Ranar Aski

"Kun yanke min jika!"

Da wannan magana wata dattijuwa ta tare ni a ƙofar ɗakin haihuwa, wajen ƙarfe uku na dare, ana tsakiyar sanyin hunturu. Ina aikin dare ne a wani asibiti da ke nan tsallaken kogi, a kudancin garin Kaduna. Surukarta, yarinya mai cikin fari, ta haihu da kanta lafiya ƙalau. Ba a yi tiyata ba, ba a sa ƙarfe an jawo kai ba, almakashi kuwa cibiya kawai ya taɓa. Amma da muka goge jaririn sai ga wani wuri a tsakar kansa, faɗinsa bai wuce murfin kwalbar lemo ba, ja wur, babu gashi babu fata, sai wani siririn tantani mai sheƙi da ya rufe shi.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma gabana ya faɗi. Na karanta abin a makaranta, amma ban taɓa ganinsa da idona ba sai ranar. Na ce mata, "Mama, ki yi haƙuri likita ya zo ya duba." Ta ce, "Ke 'yar nan, haihuwa tara na yi, ban taɓa ganin ɗa ya fito da ciwo a ka ba sai a hannunku."

Da likita ya zo bai yi musu da ita ba. Fitila ya haska ya ce ta matso. Ya nuna mata cewa gefen wurin sumul yake kamar an zana, babu ɗigon jini, kuma wani sashe har ya fara zama tabo. Ya ce, "Hajiya, yankan reza ba ya warkewa cikin minti goma. Wannan tun yana ciki yake da shi." Ta daɗe tana kallo, sannan ta nemi kujera ta zauna.

Wannan dare ne ya sa na ga ya dace in rubuta miki wannan bayani. Lalurar ba ta da yawa, wataƙila har ki gama haihuwarki ba za ki gan ta ba. Amma in ta zo, a gidanki ko na maƙwabciya, abin da aka yi a kwana bakwai na farko shi ke raba yaron da zai tashi da ɗan tabo da wanda za a rasa.

Wace irin lalura ce?

Likitoci na kiranta Aplasia Cutis Congenita. Sunan daga tsofaffin harsunan Turai ne, ma'anarsa "rashin samuwar fata tun daga haihuwa". Ki ajiye sunan a wayarki, don zai yi miki amfani in kina magana da likita.

Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da ake halittar jariri a ciki, sai wani yanki na jikinsa ya kasance fata ba ta rufe shi ba, ko kuma ta rufe sannan ta lalace saboda jini bai isa wurin ba. Ana ƙiyasta cewa tana samun jariri 1 zuwa 3 cikin kowane 10,000. Ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1767 wani likita mai suna Cordon ya rubuta labarinta, sannan a 1826 wani mai suna Campbell ya yi bayanin irin ta tsakar kai. A 1986 wata likitar fata a Amurka, Ilona Frieden, ta kasa ta gida tara, gwargwadon inda take a jiki da abin da ke tafe tare da ita. Har yau da wannan rabon likitoci ke aiki.

Mafi yawanta, kamar bakwai zuwa takwas cikin goma, a kai take fitowa, kusa da inda gashi ke murɗewa a tsakar ka, kuma galibi wuri ɗaya ne. Saura kuwa a ƙafa, hannu, ciki ko kwiɓi.

Kamanninta sun bambanta. Wani za ki ga jan rauni ɗanye. Wani an rufe da tantani kamar ledar da ke cikin ɓawon ƙwai. Wani kamar bororo mai ruwa. Wani kuma ya riga ya warke tun a ciki, sai dai a ga ɗan fili sumul babu gashi, har a ɗauka tabon haihuwa ne kawai. Akwai wanda ake ganin gashi mai kauri da tsawo ya kewaye shi kamar zobe. In kin ga wannan zoben gashi ki nuna wa likita, domin yakan zama alamar cewa abin ya zarce fata zuwa ciki.

Me ya sa ake tsoron ta kai?

Fata katanga ce. Ita ke hana ƙwayoyin cuta shiga, ita ke riƙe ruwan jiki da ɗuminsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma jariri sabuwar haihuwa ba shi da ƙarfin yaƙi da cuta irin namu.

A yawancin yara fatar sama ce kawai babu. Amma a wasu, kamar ɗaya cikin huɗu ko biyar, har ƙashin ƙoƙon kai da ke ƙarƙashin wurin bai haɗe ba. A nan haɗarin yake. Daidai tsakiyar kai, daga goshi zuwa ƙeya, akwai wata babbar hanyar jini da ke kwance a ƙarƙashin ƙashi. In babu ƙashi babu fata, abin da ya raba ta da waje tantani ne kawai. Idan wurin ya bushe ya yi ɓawo ya tsage, ko aka ɓamɓare ɓawon, jini zai iya ɓallewa irin wanda jikin jariri ba zai jure ba. Haka kuma ƙwayar cuta za ta iya bi ta nan ta isa rigar ƙwaƙwalwa ta haifar da sanƙarau.

Da ido ba za ki iya gane mai zurfi da marar zurfi ba. Ni ma da nake nas ba zan iya ba. Shi ya sa ko da wurin bai fi ƙwayar wake ba, likita ne zai duba, in ya ga da buƙata a yi sikanin ko hoton kai.

Ba laifinki ba ne

Kafin mu je ga dalilai, bari in faɗa miki abin da na faɗa wa waccan mai jego da safe, da na same ta tana kuka ta juya wa bango fuska. Wata 'yar'uwar mijinta ta ce mata ai yawan fitan da take yi da magariba ne, iska ta shafi cikin. Wata kuma ta ce yaji da ta riƙa ci ne ya ƙona kan ɗan.

Yaji ba ya ƙona fatar ɗan tayi. Shan ruwan zafi ko kwanciya kusa da murhu ba sa yi. Kallon wani mai ciwo ba ya yi. A yara da dama ma, duk binciken da za a yi ba a gano takamaiman dalili. Amma ga abubuwan da aka tabbatar suna da alaƙa da ita:

Gado. Akwai gidajen da ake samun ta a uba da ɗa, ko kaka da jika. Ki duba kan maigida da kyau, wani yana da ɗan fili babu gashi tun yarinta, bai san sunansa ba.

Wasu magunguna da aka sha a farkon ciki. Wanda aka fi sani shi ne Carbimazole da ɗan'uwansa Methimazole, da ake ba masu ciwon maƙoƙo irin wanda ke sa rama da bugun zuciya. Haka nan an alaƙanta ta da Valproate na farfaɗiya, da Misoprostol idan an sha shi a watannin farko. Ki lura da kyau: Misoprostol da ake ba mace bayan ta haihu don tsayar da jini ba shi da wata alaƙa da wannan, yana ceton rai ne, kada ki ƙi shi. Kuma in kina shan maganin maƙoƙo ko na farfaɗiya, kada ki daina da kanki don kin karanta wannan, dainawar tana da nata haɗarin a kanki da cikin. Ki je wa likita tun kina shirin ɗaukar ciki, ko da zarar kin ga ɓatan wata, akwai wanda zai canza miki da shi.

Wasu cututtuka lokacin goyon ciki, kamar ƙarambau.

Rasuwar ɗan tagwaye a ciki. Wani lokaci ciki na 'yan biyu ne, sai ɗaya ya rasu a wajen wata na uku ko na huɗu, ya motse ya manne a jikin mabiyiya kamar takarda. Wanda ya rayu yakan zo da rashin fata a kwiɓi biyu ko cinyoyi biyu, dama da hagu iri ɗaya. Saboda haka in an haihu a gida aka ga irin wannan, kada a yi saurin binne mabiyiya, a sa ta a leda mai tsabta a tafi da ita asibiti.

Sai kuma lokacin da take zuwa tare da wasu matsaloli. Akwai nau'in da masana biyu, Adams da Oliver, suka bayyana a 1945, inda ake samun rashin fatar kai tare da gajerun yatsu ko rashinsu, wani lokaci da matsalar zuciya. Wannan ne dalilin da za ki ga likita yana ƙirga yatsu, yana sauraren ƙirji, yana leƙa baki, alhali ke ciwon kai kika kawo. Ba ɓata lokaci yake ba.

Kwana tara

Bayan kamar shekara biyu da wancan dare, aka kawo mana wata jaririya 'yar kwana tara. A gida aka haife ta. Ciwonta bai ma kai na wancan yaron girma ba. Uwar ta ce da suka gani sai suka ɗauka irin na cibiya ne, don haka abin da ake yi wa cibiya shi suka yi masa. Ana gasa shi da tsumma mai zafi safe da yamma. Aka shafa man goge baki don ya bushe. Da bai bushe ba, wata maƙwabciya ta kawo garin magani aka barbaɗa. Ranar suna wanzami ya yi aski, ya bi ta gefen wurin, ɓawon ya ɗaye.

Da ta iso hannunmu ta daina kama nono tun jiya, jikinta ya yi sanyi, maɗigarta ta kumbura, wurin yana wari. Muka yi abin da za mu iya, aka tura su babban asibiti a daren. Bayan kwana biyu aka ce mana ta koma.

Rai na Allah ne, kuma kowa da kwanansa. Amma har yau ina tuna fuskar uwar. Ba sakaci ta yi ba, ƙauna ce ta sa ta yi duk abin da aka ce mata. Abin da ta rasa kawai shi ne wanda zai ce mata, "Kada ki sa komai, ki rufe ki tafi asibiti." To ni yau ina faɗa miki.

Abin da za ki yi a ranar farko

Ki wanke hannu da sabulu kafin ki kusanci wurin.

Ki rufe shi da bandeji mai tsabta irin na cikin leda da ake sayarwa a kemis. In akwai irin mai man Vaseline wanda ba ya mannewa, ya fi. In babu ko ɗaya, ki sa farin ƙyalle wankakke da aka goge da dutsen guga, ki ɗora a hankali. Kada ki ɗora auduga kai tsaye, zarenta na maƙalewa.

Ki lulluɓe jaririn, ki manna shi a ƙirjinki ya samu ɗumi, ki ci gaba da ba shi nono.

Ki tafi asibiti a ranar. Ba gobe ba, ba bayan suna ba.

In jini na zuba, ki dafe wurin da ƙyalle mai tsabta a hankali ba tare da ɗagawa kina leƙawa ba, a kama hanya nan take ko da tsakar dare ne.

Abin da ba za a sa ba

Man goge baki, man zafi, toka, gawayi, garin magani, lalle, kwalli, man shanu, fiya-fiya, sifirit. Kada a fasa kafso a barbaɗa. Kada a gasa wurin, kada a kwara masa ruwan zafi wajen wanka. Kada a ɓamɓare ɓawo.

Akwai ma magungunan asibiti na gaske da ba su dace da wannan wuri ba sai da umarnin likita. Aidin yana ratsa ɗanyen rauni ya shiga jinin jariri ya taɓa masa maƙoshi. Farin man ƙuna da ake shafa wa manya ba a so a sa wa jaririn da bai kai wata biyu ba, domin yana iya tsananta haɗarin shawara. Shi kansa man Chlorhexidine da ake ba ki don cibiya, na cibiya ne, kada ki kai shi kan wannan ciwo da kanki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maganar aski

Nan ne aka fi samun gardama, domin ranar bakwai ba ta mai jego kaɗai ba ce, ta dangi ce. A gidan wancan yaro na farko, kakarsa da ta zarge mu ita ce ta tsaya kai da fata cewa aska ba za ta hau kansa ba. Uban ya je ya tambayi malaminsu, aka ce masa inda akwai cutarwa ana jinkirtawa. Aka raɗa suna, aka yanka rago, aka ci aka sha, aka sallami wanzami da haƙƙinsa, aski kuma sai da likita ya ba da izini.

Ki fara wannan magana da maigida tun kafin ranar, ba sai wanzami ya shimfiɗa tabarma ba. In kin san bakinki ba zai kai ba a gaban surukai, ki roƙi likita ko nas su faɗa wa maigida da uwarsa da bakinsu, mun saba. Haka nan a bar cire beli da tsaga. Ga 'yan'uwa Kirista kuma da ke kai jariri coci a yi masa addu'a, a kula kada a riƙa dafa kan ko shafa masa mai a wurin. Masu zuwa barka duk su gani da ido, ba sai an kwance bandeji an nuna wa kowa ba.

Me za a yi a asibiti?

Labari mai daɗi shi ne yawancin waɗannan ciwuka ƙanana ne, kuma suna warkewa ba tare da tiyata ba. Aikin shi ne wanke wurin da ruwan gishiri na asibiti, a rufe shi da bandeji mai maiƙo don kada ya bushe ya tsage, a riƙa canzawa yadda aka tsara. Fata na tahowa daga gefe a hankali har ta haɗe. Ƙarami yakan ɗauki makonni, babba kuwa watanni. Ko ƙaramin gibin ƙashi ma sau da yawa yana cikewa da kansa yayin da yaro ke girma.

Idan wurin yana da faɗi sosai, ko babu ƙashi a ƙasa, ko yana zubar da jini, to sai an kwantar da jariri a sashen jarirai, likitocin gyaran fata da na ƙwaƙwalwa su duba ko za a yi aiki a rufe.

Mu da ke Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa, Narayi, Television, Sabon Tasha, Romi har zuwa Gonin Gora, ki fara da asibitin da ya fi kusa da ke inda akwai likita. Akwai Babban Asibitin Gwamna Awan da Asibitin St Gerard a yankin Kakuri, akwai Babban Asibitin Sabon Tasha. In an ce miki a tsallaka gada zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, ba korar ki aka yi ba, an tura ki inda ƙwararrun suke ne. Ki karɓi takardar turawa a rubuce, ki tafi da katin awon cikinki da kwalayen duk maganin da kika sha da ciki, har da na gargajiya.

Kafin a sallame ku, ki tabbatar kin samu amsar waɗannan:

Akwai ƙashi a ƙarƙashin wurin ko babu?
Sau nawa za a canza bandeji, kuma wa zai canza?
In ni zan riƙa yi, a nuna min in gwada a gabanku.
Yaya zan yi masa wanka?
Yaushe za mu dawo?

Alluran rigakafi kuma ba a fasa su saboda wannan. Ki gaya wa mai yin allurar halin da ake ciki kawai.

Alamomin da ba a kwana da su

In kin koma gida, ki dawo asibiti nan take idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi, ma'auni ya nuna 37.5 ko sama, ko ya yi sanyi ƙasa da 35.5, yawan barci har ba ya motsi sai an taɓa shi, numfashi da sauri, sau 60 ko fiye a minti ɗaya, jijjiga ko ƙanƙamewa, maɗiga ta kumbura, wurin yana mugunya, wari ko kumburi, jini, ko wani farin ruwa garai-garai yana tsiyaya daga ciwon.

Idan a ƙafa ne, kuma ga bororo

Akwai wani nau'i da ya kamata ki sani daban, domin kulawarsa daban ce. Ana haihuwar jariri babu fata a ƙafafu, daga ƙauri zuwa saman tafin ƙafa, ja kamar an saɓule safa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai bororo ya fara fitowa duk inda aka goga, har cikin baki, farce kuma ya zo a lalace ko babu. Wani likitan fata a Amurka, Bruce Bart, shi ya bayyana shi a 1966 a cikin wani babban dangi, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Reshe ne na ciwon da ake kira Epidermolysis Bullosa, wanda a taƙaice ake ce wa EB, inda abin da ke manne fatar sama da ta ƙasa ba shi da ƙarfi. A ƙasashen Turai ana kiran masu shi yaran malam-buɗe-littafi, saboda fatarsu ba ta fi fiffikensa ƙwari ba.

Mutane kan ce ruwan wanka ne ya ƙona shi, ko a zargi mai wankan jego. Ba ƙuna ba ce, kuma ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa wani.

Irin wannan jariri ba a ɗaga shi ta hammata. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, ɗaya a ƙeya, ko a ɗauke shi a kan lallausan zane. Ba a manna masa filasta ko kaɗan, ko a asibiti ne ki tunatar. Ba a dirza shi da soso, ba a goge shi da tawul, sai dai a dafa ruwan a hankali ya tsane. Kaya masu laushi na auduga, a juya ɗinkin ya koma waje. A sassauta bakin famfas ko a shafa Vaseline inda yake gogar cinya. Zafi da gumi na ƙara bororo, don haka a kula sosai a watannin Maris da Afrilu. Goyo da ɗaure zane tamau na iya saɓule masa fata, ki tambayi likita yadda za ki yi. Kafin kaciya ma sai an yi shawara.

Shi wannan na gado ne. Wani nau'in daga mahaifi ɗaya ake ɗauka, kowane ciki yana da rabi da rabi. Wani kuma tafiyarsa irin ta sikila ce: uwa da uba lafiyarsu ƙalau amma kowanne na ɗauke da shi, sai kowane ciki ya zama ɗaya cikin huɗu. Wannan na biyun ya fi bayyana inda ake auren zumunci. Ba ina cewa auren zumunci laifi ba ne, ina cewa in an taɓa samun irin wannan jariri a dangi, a gaya wa likita tun a awon ciki, kuma a haihu a asibiti. Har yanzu babu maganin da ke raba mutum da EB gaba ɗaya, amma wasu nau'o'in suna sauƙi yayin da yaro ke girma, wasu kuma masu tsanani ne. A 1978 wata uwa a Ingila, Phyllis Hilton, ta kafa ƙungiyar DEBRA saboda 'yarta mai wannan ciwo, yau ƙungiyar tana da rassa a ƙasashe da dama. Duk shekara daga 25 zuwa 31 ga Oktoba ake makon wayar da kai a kansa.

Tabon da zai rage

Gaskiya ɗaya da ya kamata ki sani tun yanzu: inda ciwon kai ya warke gashi ba zai fito ba, domin saiwar gashin ce babu. Kada ki ɓata kuɗinki a kan mayukan da ake tallatawa a Facebook da TikTok. Ƙaramin tabo gashin gefe ke rufe shi, in mace ce mai kitso ta san yadda za ta bi da shi. In babba ne, idan yaro ya tasa akwai aikin da likitoci ke yi su rage shi. Yaron da fatar sama kawai ya rasa, ba tare da wata matsala ba, ƙwaƙwalwarsa da girmansa daidai suke da na kowa.

Abin da zai fi buƙata a wurinki shi ne amsar da zai ba yara in sun tsokane shi. Ki koya masa tun yana ƙarami ya ce, "Da shi aka haife ni, ba ya min ciwo." Yaro yakan ɗauki tabonsa yadda ya ga uwarsa ta ɗauke shi. In kina ɓoyewa kina jin kunya, shi ma zai ji.

Wancan yaron na daren hunturu yanzu ya shiga makaranta. Kwanaki kakarsa ta kawo ƙanwarsa allura, ta riƙo hannunsa ta kawo min shi, ta tuɓe masa hula ta ce, "Sista, ga mutuminki." Ɗan fili ne sumul a tsakar kai, kamar an dangwala babban yatsa. Ya fizge hularsa ya ruga waje. Ta ce min tun daga lokacin duk gidan da aka haihu a layinsu, in ta je barka sai ta duba kan jaririn kafin ta duba fuskarsa.

Ke ma ki riƙa dubawa. In an miƙo miki jaririnki, ki buɗe shi a wuri mai haske, ki duba tsakar kai, baya, kwiɓi, ƙafafu da yatsu. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki tambaya kafin ki bar asibiti, ba wanda zai ce kin cika tambaya. In kuma kin taɓa ganin irin wannan a gidanki ko a dangi, ki ba mu labarin yadda kuka yi a nan ƙasa don wata ta ƙaru, amma don Allah kada a sa hoton yaro, kada kuma a rubuta wa juna magani.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.